Wakilai Biyu, Aisha Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura mini aure ba, kuma ko na so mantawa 'yan unguwarmu a Daura ba za su bari ba. Wasu angwaye in sun tuna ranarsu murmushi suke yi. Ni kuwa kunnuwana ne ke ɗaukar zafi, domin saura ƙiris in rasa matar, kuma ba wani maƙiyi ne ya jawo mini ba, karatuna ne.

A lokacin ina digiri na biyu a fannin kwamfuta, kaina ya kumbura har hula ba ta zama daidai. Sai na ɗan yi muku bayanin binciken nawa kafin ku gane zurfin wautar (ba zan daɗe ba, ko da yake haka nake cewa kullum). Kwamfuta tana ajiye bayanai a ƙwaƙwalwarta shafi-shafi, kowane shafi da adireshinsa. Tana kuma da kawuna da yawa masu aiki a lokaci guda, kowane kai da 'yar ma'ajiyarsa inda yake haddace adireshin shafukan da ya saba zuwa, don kada kullum ya tsaya tambayar hanya. To wani lokaci babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar takan ɗauke shafi daga nan ta mayar can. Dole kuwa ta katse kowane kai daga aikinsa ta ce masa, "Goge abin da ka haddace, an tashi daga wurin." Wannan katsewar ita ce asarar. In shafukan da za a kwashe suna da yawa, sai ka tarar kawunan ba abin da suke yi sai amsa kira da gogewa. Maganin da nake bincike a kai shi ne a daina yi wa kowane shafi shelarsa daban. A tara su, a yi shela ɗaya, a wanke ma'ajiyar kowa lokaci guda, kowa ya koma bakin aikinsa.

Na ƙaunaci wannan dabara fiye da kima. Har mai shayin bakin tasha sai da na ba shi shawarar ya riƙa tara masu son ƙwai ya soya musu gaba ɗaya. Ya dube ni ya ce in biya in ba wani benci.

Aka sa ranar aurena da Aisha, aka tsayar da magana a kan Asabar da hantsi, a masallacin unguwarsu. Wanda zai karɓa mini auren shi ne Baffa Sale, yayan mahaifina, mai fataucin shanu da ke zaune a wani ƙauye gaba da Mashi, dab da iyaka. Baffa mutum ne mai kaifin hadda. In ka faɗa masa abu sau ɗaya ya zauna ke nan, ko da guduma ba ka fitar da shi. Ni da ƙafata na je na faɗa masa wuri da lokaci, ya gyaɗa kai ya ce ya riƙe.

Biki ya matso sai kakan Aisha da ke Zango, tsoho mai ciwon ƙafa da taurin kai, ya ce jikarsa ta fari ba za a ɗaura mata aure ko'ina ba sai a ƙofar gidansa. Ba mai iya musa masa. Aka mayar da ɗaurin aure Zango.

Yayata Rakiya, wadda ta goya ni kuma har yau take ganin ban gama girma ba, ta same ni a zaure.

"Ɗauki waya yanzun nan ka kira Baffa," ta ce.

"Yaya, ba haka ake yi ba," na ce, ina gyara zama. "Lokacin ma ba a tsayar ba, wasu na cewa a kai bayan azahar. Wurin walima kuma ana ta ja. In na kira mutane yau na ce an canja wuri, gobe lokaci, jibi walima, ai na hana su sana'arsu. Bari komai ya tsaya, in tara in sanar da kowa sau ɗaya."

"Farfesa," ta ce (in ta kira ni haka ba yabo ba ne), "Baffan mutum nawa ne? Ba mutum ɗaya ba ne?"

"Ƙa'ida ba ta san mutum ɗaya ba."

Wallahi haka na ce, har da ɗaga yatsa. Ta kalle ni kallon da ake yi wa miyar da ta kwana ta yi tsami, ta shige gida.

Maganar walimar ce ta ja mu. Tun da shari'a ta zo aka rage kiɗa da rawa, walima ta zama ita ce bikin, don haka kowace gwaggo tana da ra'ayin inda za a shimfiɗa tabarmi. Ba a daidaita ba sai ranar Juma'a da la'asar. Lokacin ɗaurin auren kuwa, da na yi ta jira ya canja, bai motsa ko'ina ba. Na zauna na tsara saƙon waya ɗaya mai kyau, na zuba komai a ciki, na aika wa kowa. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, har na yi tunanin in sa labarin a gabatarwar kundina.

Abin da ban lissafa ba shi ne Baffa ba ya karanta boko, ajami yake karantawa. Wayarsa kuma a ƙauyen nan ta fi jin sabis ɗin Nijar. Kai, ba ma ya ƙauyen. Tun safiyar Juma'ar ya taho Daura ya sauka gidan wani amininsa kusa da masallacin, don kada ya makara a auren ɗansa. Shi kuwa limamin unguwar, da ya ji mun koma Zango, sai ya ba wasu masu ɗaurin aure lokacinmu.

Da hantsin Asabar muna ƙofar gidan tsoho a Zango. An shimfiɗa tabarmi, ga goro ga dabino, ni kuma ina gefe cikin farar shadda mai sitaci, ina ta washe baki. Malamin da zai ɗaura ya tambayi wakilin ango. Aka ce yana hanya. Rana ta fara cizo, aka sake tambaya. Na kira wayar Baffa, a kashe. Tsoho ya fara buga sandarsa a ƙasa, can ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "In ba su shirya ba su faɗa. Jikata ba ta rasa manema ba." Ni kuwa na san tsohon nan, in ya ce a tashi, an tashi ke nan.

Sai ga kiran Yaya Rakiya daga Daura.

"Farfesa, ƙa'idarka tana masallacin su Aisha, tana neman tayar da yaƙi. In kana da ƙafa ka zo."

Motocinmu duk an toshe su a lungu, don haka acaɓa na tare. Ku ƙiyasta ango da babbar riga a bayan babur, iska ta cika ta, hannu ɗaya a kan hula, ɗaya a kafaɗar ɗan acaɓa. A kan hanyar ne wani babi na bincikena ya faɗo mini, wanda ni na rubuta shi da hannuna. Tara shela halal ne a na'ura, amma da sharaɗi. Kafin a kwashe komai sai an toshe hanyar tsohon wurin, an yi shelar, an jira kowane kai ya amsa cewa ya goge. Sannan ne ake ba wani wurin. In ba haka ba, mai tsohuwar hadda zai je ya taɓa kayan da ba nasa ba. Na ci jarrabawa a kan wannan, har da yabon malami.

Na tarar da masallaci ya rabu biyu, 'yan agaji a tsakiya suna ba da haƙuri. Baffa yana sahun gaba, ya tura hula ƙeya, ya harɗe. Abin da ya faru, kamar yadda bakuna da yawa suka faɗa mini a tare, shi ne liman ya ce, "Ina wakilin ango?" Mutum biyu suka ce, "Ga ni." Ya ce, "Auren wa kuke nema?" Su biyun suka ce, "Aisha." (A Daura in ka tsaya a bakin layi ka kira Aisha, ƙofofi da yawa ne za su buɗe.) Baffa bai san surukaina da fuska ba, don waɗanda suka je neman auren ƙannensa ne. Shi dai ya san wuri, ya san lokaci, ya san suna, kuma duk sun dace. Ya ce shi ba a yi masa haka, yarinya tasu ce. Dangin wancan ango suka ce nema cikin nema haramun ne, kotu ce za ta raba su. Uban waccan Aishar, bawan Allah, yana ta rantsuwa cewa mutum ɗaya ya yi wa alkawari, ba mai saurarensa.

"Yawwa, ga yaron nan," Baffa ya ce da ya hango ni. "Zo ka gaya masu. Ba nan ka ce mani ba?"

"Nan ne, Baffa. Amma an canja. An koma Zango."

Liman, dattijo mai sanyin murya, ya sauke tabarau ya dube ni.

"Yaushe aka canja, ɗana?"

"An kwana biyu, Allah gafarta Malam."

"To me ya hana ka sanar da wakilinka?"

A nan ne mai hankali zai durƙusa ya ce ya yi kuskure. Ni kuwa bakina ya riga hankalina. Na ji kaina ina cewa, a gaban jama'a, a cikin ɗakin Allah, "Wato Malam, na so ne in tara canje-canjen, sai in wanke ƙwaƙwalwar kowa lokaci guda."

Baffa ya sa hannu a bayan kunne. "Mi ka ce za ka wanke?"

"A'a Baffa, a kwamfuta ne ake..."

"Ƙwaƙwalwata za ka wanke? Ni? To tawa ƙalau take, abin da ka zuba mata shi ta riƙe. Taka ce ke son sabulu."

Wani daga baya ya fara fashewa da dariya, sai masallaci ya ɗauka gaba ɗaya, har mutanen da ɗazu suke kiran kotu. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na tsaya cikin shaddata, gumi na bin bayana, ina jin kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na bi dangin ango da na amarya ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri. Wancan angon ya riƙe hannuna ya ce, "Ba komai, Malam mai wanki." Sunan da ya bi ni ke nan har yau.

Baffa ya ƙi shiga mota ɗaya da ni. Muka isa Zango bayan azahar, rabin jama'a sun watse, sai da dattawa suka yi ta lallashin tsoho kafin ya yarda a sake shimfiɗa tabarmi. Da malam ya tambayi wakilin ango, Baffa ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya Malam. Kafin in buɗe baki a tabbatar mani. Nan ne wurin? Kuma wagga Aishar ita ce tamu?" Ko tsoho sai da ya yi dariya. Aka ɗaura, aka shafa fatiha.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Labari ya riga ni isa gidan su amarya, kuma kun san yadda labari ke yin ƙiba a hanya. Abin da ya isa kunnen Aisha shi ne ango ya tura baffansa ya nemo masa wata Aishar. Ta yi kuka har kwalli ya wanke, ba wanda ya tuna ya kira ta ya gaya mata gaskiya, har da ni. Wannan ya fi dariyar masallaci yi mini ciwo.

Da aka kawo ta, abokaina suka yi sayen baki kamar yadda aka saba, ta amsa musu gaisuwa. Ni kuwa ko uffan ba ta ce mini ba. Gari ya waye ta kawo mini koko da ƙosai, ta ajiye, ta juya. Na yi magana, shiru. Na ba da haƙuri, shiru. Aka kwana aka wuni a haka, abinci a kan lokaci, baki a rufe. Da abin ya ishe ni na tare ta a tsakar gida tana shanya.

"Don Allah ki ce wani abu, ko zagi ne."

Ta matse zanen da ke hannunta, ta rataya, sannan ta juyo a natse.

"Ina da maganganu da yawa," ta ce. "Tarawa nake. An ce katse mutum kowane lokaci asara ne, to bari su cika in faɗa maka sau ɗaya."

Ranar da suka cika kuwa na ji su, tun daga hantsi har aka kira azahar, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Na gama digirina, kuma har gobe ina kan bakana cewa dabarar tana aiki a cikin na'ura. Amma abin da na koya shi ne mutum bai damu ka katse shi sau goma ba, abin da ba ya yafewa shi ne ya zama na ƙarshen ji. Yanzu ko kujera na matsar a falo sai na leƙa kicin na sanar, kuma ba na barin wurin sai an amsa.