Kusan-Darakta da Gashin Gimbiya

A duk ma'aikatarsu babu mutum mai muhimmanci kamar mataimakin mataimakin shugaban sashen ajiye fayil. Wannan ba zancen 'yan gulma ba ne, shi da kansa ya tabbatar mana. Tsakaninsa da kujerar Darakta mutum goma sha ɗaya ne kacal, shi ya sa abokan aikinsa suka yi masa adalci suka sa masa suna Kusan-Darakta. Ya ji sunan, ya auna shi, ya ga ya yi masa cif, har yana amsawa da "na'am" mai kauri. Mutum ne da ko biro zai ɗauka sai ya gyara murya. In zai shiga ofis, takalminsa ne ke fara yin sallama.

Wata rana ya ga hoton wani attajiri a waya, ya kishingiɗa da farar mage a cinya. Nan take ya gano abin da ya rage masa ya cika babban mutum. Mako bai zagayo ba ya shigo gida da mage fara sol, mai gashi buzu-buzu, fuska a murtuke kamar an tashe ta daga barci. Ya raɗa mata Gimbiya.

"Maman yara," ya ce wa matarsa, "kar in ji wani ya kira ta kyanwa. Wannan matsayi ce. Ki saurari kukanta ma, na ilimi ne."

Gimbiya ta karɓi mulkin gida ba hamayya. Ta bar gashi a kushin, ta bari a kafet, ta bari a labule, har cikin kofin shayi ana tsintar gaisuwarta. In aka kunna fanka sai falo ya koma kamar an fasa matashin kai. Kusan-Darakta ya ce wannan alamar wadata ce, talaka ba zai gane ba.

Ana nan sai wanda ke gaba da shi ya yi ritaya, kujera ta zama ba kowa. Mutuminmu ya tasa Darakta gaba da gaisuwa, safe da rana, a matakala da bakin mota, har bawan Allah ya gaji ya amince zai zo shan shayi gidansa ranar Asabar da yamma. Ranar Alhamis sakatariyar Darakta ta tare shi.

"Af, an ce kana da mage? Ai Yallaɓai in ya shaƙi gashin mage, atishawa yake yi har idanunsa su kumbura. Wancan karon kwana biyu bai zo aiki ba."

A ranar aka kai Gimbiya gudun hijira gidan ƙanwar matarsa. Washegari da sassafe ya tsaya tsakiyar falo, hannu a ƙugu, ya yi wa kujeru jawabi.

"Wannan aiki ne na tsari. Tsintsiya ta mutanen da ce. Na kasa yaƙin nan mataki uku, kuma ba na son shisshigi."

Mataki na farko salatif ne. Ya naɗe hannun dama, ya sa aka naɗe masa na hagu, ya shiga bubbuga kushin kamar mai lallashin jariri. Bayan rabin awa ya 'yantar da wuri mai faɗin tafin hannu. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya rasa yatsan ɗauka. Da matarsa ta zo ɓare masa salatif ɗin, gashin da ya fito ya fi na Gimbiya yawa, sai dai wannan nasa ne, kuma maƙwabta sun ji fitarsa.

Mataki na biyu ya kira shi dabarar iska. Ya buɗe tagogi, ya ƙure fanka, ya ce gashi zai fita da kansa. Gashi ya tashi, ya zaga falo sau uku, ya leƙa taga, ya fasa fita. Na ƙasa ya hau labule, na labule ya sauka a gashin bakinsa.

Mataki na uku ya fita ya dawo da injin zuƙar ƙura, ja, mai ƙara kamar babur. Matarsa ta miƙo masa takardar bayanin da ke cikin kwali, ya ture.

"Mutumin da ke rubuta takardu shi za a ba takardar inji?"

Injin ya haɗiye safa ɗaya, ya haɗiye murfin biro, ya kama gezar kafet sai da aka yi kokawa. Gashin kushin kuwa ko gezau. Kusan-Darakta ya share gumi, ya sanar da cewa zai shiga ɗaki ya yi nazarin sakamako. Minti biyar aka fara jin minsharin nazarin ta ƙasan ƙofa.

Matar ta gyara ɗaurin zani. Ta sa safar hannu ta roba, ta jiƙa ta, ta riƙa shafa kushin gefe guda, gashi na naɗewa yana fitowa kamar lagwani. Ta ɗauki silifas ɗin roba ta kankare kafet layi-layi. Ta goge tayil da ɗanyen tsumma, ta sauke labule ta wanke. Tarin da ta haɗa, ta sa inji ya zuƙe shi tas, ta tura injin bayan ƙofa.

Ranar Asabar Darakta ya iso, ɗan siririn dattijo cikin baƙar kwat, hankici a hannu saboda tsaro. Ya zauna a hankali. Ya shaƙi iska. Shiru. Ya kurɓi shayi, ya mayar da hankici aljihu.

"An ce min kuna da mage, amma ko sili ɗaya ban gani ba. Madam, sannu da ƙoƙari."

Yabo ya wuce ta gaban Kusan-Darakta ya sauka kan wani! Ya miƙe zumbur.

"Ranka ya daɗe, tsari ne. Ni na zana shi da kaina, mataki uku. Kuma ni mutumin fayil ne, ba na magana sai da hujja."

Ya janyo inji har gaban baƙo.

"Baban yara, kar ka buɗe..."

"Maman yara, manya na magana."

Murfin ya ƙi. Ya danna, ya murɗa, ya sa gwiwa ya fizga. Fuf! Gashin ciki ya yi sama. Fanka tana sama tana jira, ta karɓi aikin rabo. Kafin ƙiftawar ido baƙar kwat ta koma fara, gira ta yi furfura, shayi ya samu murfi. Darakta ya yi atishawar farko, tabarau ya sauko. A ta biyar kofi ya kife. Daga ta tara aka daina ƙirga. Kusan-Darakta yana zagaye shi yana ihu a kawo salatif.

Matar ce ta fitar da dattijon baranda, ta kawo masa ruwa ya wanke fuska, ta karɓi kwat ɗin ta bi ta da jiƙaƙƙiyar safar roba. Minti biyar ta miƙa masa ita baƙa wuluk.

A bakin mota Darakta ya tsaya, idanu jajir, hanci kamar tumatir. Ya yi wa matar godiya sau biyu. Sannan ya juyo ga maigidan, wanda ya riga ya gyara murya zai yi bayani.

"Ba sai ka ce komai ba. Yau na ga mai yi maka aiki a gida. Ranar Litinin ka zo ka nuna min mai yi maka na ofis, shi nake nema."