Ƙusar da Na Kafa Daidai Tsayina

Ba zan taɓa mantawa ba da ƙusar nan da ke jikin bangon zaurenmu a Gure, ko da yake na so ƙwarai in manta. Ni na kafa ta da hannuna, wata huɗu bayan na dawo daga jami'a a Damagaram (wata huɗu da kwana tara, in za a bi gaskiya).

Yayata Falmata ce ta ɗora mini aikin. Takan tafi kasuwar Gidigir da dabino, ni kuma ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, sai gida ya rage daga mahaifiyarmu Inna, mai fama da hawan jini, sai 'yar Yaya, Zara, mai shekara shida.

"Kai da ka yi boko," in ji Yaya, "nemo mana wayar da za ta zauna a gida, in wani abu ya sami Inna yarinyar nan ta kira."

Da wani ne, da ya shiga kasuwa ya fito kafin azahar. Ni mako uku na yi. Na ja layuka a littafi, na jera wayar tebur, da babbar salula ta shafawa, da ƙaramar mai madannai. Ta tebur ba ta jimre ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Ta shafawa za ta zama abin kallon hotuna. Na tsaya kan ƙaramar, mai riƙe wuta kwana biyar (shida aka rubuta a kwalinta, amma na gwada). Na shirya ta yadda in an danne lamba ɗaya za ta kira ni, lamba biyu ta kira Yaya.

Saura rezo, wato ƙarfin sabis ɗin waya. Gidanmu yana gindin tudun rairayi, saboda haka na bi kowace kusurwa da wayar a hannu ina ƙirga sanduna. Ɗakin Inna ɗaya, tsakar gida biyu. A zaure kuwa, in na miƙa hannu sama, huɗu cif. Nan na kafa ƙusa, na rataye wayar cikin jakar fata, ina murna har na tsare ta daga rairayi da awaki.

Sau goma na yi wa Zara gwaji, sau goma ta ci. Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk goman ni nake sauko da wayar in miƙa mata.

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina gaban allo, salulata tana aljihu shiru, sai ga ɗan kabu-kabu a ƙofar aji, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci.

"Mushe, bar allon nan. Tsohuwarka tana likita."

Na tarar da dangi da maƙwabta cike da rumfar asibitin. Inna ta faɗi a bakin murhu, maƙwabciyarmu Hajiya Gambo ce ta sa aka ɗauko ta a amalanke. Zara tana rakuɓe a gefe, an liƙa mata auduga a haɓa. Da ina da hankali da na yi shiru. Amma tsoro ya kama ni, shi kuwa tsoro neman mai laifi yake yi. A gaban kowa na ɗaga murya.

"Zara! Sau nawa na koya miki? Me ya hana ki danna ɗaya?"

Ta dube ni, ba ta ko yi kuka ba.

"Kawu, hannuna bai kai ba. Na hau turmi, ya gangara da ni."

Hajiya Gambo ce ta fara magana.

"Ai na ga abin can kusa da azara, ɗan nan. Na ɗauka laya ce ka rataye don tsarin gida."

Wani ya yi dariya, ya mai da ita tari. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige har da littafina.

Inna ta rayu, alhamdu lillahi, amma hannunta na hagu bai koma daidai ba. Na bi majon likitar, wato babban ma'aikacin jinya, ina tambaya ko jinkirin ne sanadi, da minti nawa ya kamata a ce an kawo ta. Ya ce, "Mushe, wannan ba ni da amsarta, je ka zauna kusa da mahaifiyarka." Har yau ban sani ba, kuma rashin sanin ya fi kowace amsa ci mini rai.

Da Yaya ta iso gida da la'asar ba ta zage ni ba, na kuwa so ta zage ni. Ta shiga zaure, ta yi ɗage, ta fizgo jakar, ta jefa wayar cikin wata ƙwarya a tsakar gida.

"Yaya, nan sanda biyu ce kawai," na ce a hankali.

"Zara, kira kawunki."

Aljihuna ya ɗauki ƙara.

Ƙusar tana nan, Inna ta hana a cire. Ta ce in riƙa rataye hulata a kai, tunda ni kaɗai nake kaiwa. Na auna rezo, na auna batir, na auna bango. Yarinyar da aka sayi wayar dominta ce kaɗai ban auna ba.