Ranar da Na Auna Rijiyar Zongo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na auna ruwan rijiyarmu ba. Lokacin mulkin juyin juya hali ne, kowa a Kwatano "kamarad" ake ce masa, wato abokin gwagwarmaya. Ni kuwa dawowata ke nan daga karatun kimiyya a Faransa, ina tafe ina jin ƙasa ta yi mini kaɗan.

Malamina na can ya ba ni wani ɗan gilashi kamar farce, an jera masa ɗigo-ɗigon zinariya da ido ba ya gani. In an tsoma shi a ruwa aka sakar masa lantarki kaɗan, allurar na'ura za ta nuna ko akwai gubar dalma. Guda ɗaya ne tak, kuma ya gargaɗe ni kada yatsa ya taɓa fuskarsa.

Yaran layinmu na ta ciwon ciki, masu gyaran batir kuma suna zubar da ruwansu dab da rijiya. Na tabbata daga nan ne. Maimakon in auna shiru, sai na sa delege, wato mai unguwa, ya tara jama'a, har da wani jami'in gwamnati.

Kawuna Alhaji Sani ya ce, "Ɗana, kawo mu ga abin Turawan." Na miƙa masa (yabo nake so, ba komai ba). Ƙosai ya gama ci. Gilashin ya zaga hannun dattawa, ya dawo yana ƙyallin mai, na kama bakin rigata na dirje shi.

Na tsoma a ruwan rijiya, allura ta yi tsalle. Na ɗaga murya: "Guba! A rufe rijiyar nan yau!"

Jami'in ya miƙo kwalbar ruwan da ya zo da ita. Allura ta yi tsalle. Shayin delege ma haka. Na zare gilashin, na riƙe shi a iska, allura ba ta fasa rawa ba.

"Kamarad," in ji jami'in, "iskar juyin juya halin ma guba ce?"

Har mata a bayan katanga sai da suka yi shewa. Kawu ya sulale ba sallama.

Ba a rufe rijiyar ba. Duk wanda ya sake tayar da zancen, sai a ce ya je ya auna iska. Ɗiyar ƙanwata ta ci gaba da shan ruwan nan, ta ci gaba da riƙe ciki don ciwo.

Yanzu in zan yi awo ƙofa nake kullewa, ko da mai ƙwanƙwasawar kawuna ne.