Nafilar Bakin Tafki

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko da tsufa ya sa na fara manta inda na ajiye tabarau (kuma ya riga ya fara). Farkon shekarun casa'in ne, ina karatun haɗa magunguna a London, muna zaune a wani ɗan flat a Peckham ni da abokina Ɗanlami, ina kuma neman auren Jamila.

Ita Jamila a London aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci. Babanta, Alhaji Garba, mutumin Gusau ne da ya daɗe a Barking. Shiru-shiru ne, irin wanda za ka gaishe shi ya amsa, ya ci gaba da kallonka har ka fara taɓa hularka ko ta karkace. Na yi ta zuwa gaisuwa, bai ce mini e ba, bai ce mini a'a ba. Kawuna kuwa yana can Funtuwa yana jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin nan kafin manya su shiga maganar.

Rannan sai Jamila ta bugo waya, wai Daddy ya yi booking a wani wurin shaƙatawa mai tafki, can bayan gari. Kwana biyu a tanti, da hawan tudu, da iyo, kuma ya ce a taho da ni. Na kife waya na maimaita abin da ta ce. Ɗanlami ya ajiye cokali ya dube ni.

"Gwaji ne wannan, wallahi. Kada ka ga ya daɗe a Turai, Bazamfare ne. Duk abin da za ka yi, kada ka kuskura ka ci abinci a gabansa."

Ai ba sai ya faɗa ba. A gidanmu, yayana har ya aurar da 'yarsa bai taɓa kai loma baki a gaban surukinsa ba. Sai na yi dabara irin ta masu ilimi: na cusa biskit da ƙuli-ƙuli a ƙasan jakata, da niyyar in na shiga tantina in ci abina cikin rufin asiri.

Muka isa ran Juma'a da yamma. Wurin kam ya yi kyau, ruwa shimfiɗe har gindin tudu, ciyawa shar, Turawa ko'ina da gajerun wanduna. Alhaji ya buɗe bayan mota ya sauko da tanti biyu. Na leƙa ko akwai na uku. Babu. Jamila da mahaifiyarta Hajiya ɗaya, ni da Alhaji ɗaya. Ya ɗauki jakata da hannunsa ya jefa can ƙuryar ciki, ta wajen da zai sa kansa.

Hajiya ta buɗe kula, ƙamshin dafa-duka da soyayyar kaza ya bugi hancina har sai da idona ya kawo ruwa. Ta miƙo faranti, na sunkuyar da kai na ce, "Na ƙoshi, Mama." (Rabona da abinci tun shayin safe.) Haka na kwana da biskit a tazarar hannu ɗaya, ledarsa kuwa irin mai ƙarar nan ce, ko kallonta ka yi sai ta yi magana.

Da safe Hajiya ta ɗora ƙwai a kan ɗan risho, ta yanka burodi, ta haɗa shayi mai kauri. Na sake cewa na ƙoshi. Ta riƙe ƙugu.

"Wai kai wane irin mutum ne? Jiya ba ka ci ba, yau ba ka ci ba. Ko azumi kake?"

Jama'a, ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Sai ji na yi ya ce, "E, Mama. Nafila."

Alhaji ya sauke kofinsa a hankali. "Ran Asabar?"

"E, Baba."

"Madalla. Allah ya karɓa."

Sai da suka ci gaba da karyawa lissafin ya faɗo mini. Tsakiyar bazarar Ingila muke, rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce. Kuma da bakina na haramta wa kaina har da ruwan sha, wanda da ba don ƙaryar ba, ba wanda zai ga laifina in na kurɓa. Na zauna ina kallon tafki guda cur, maƙogwarona yana bushewa.

Aka kama hanyar tudu. Alhaji ya ɗaura takalmin hawan dutse ya ɗauki sanda, tsoho sai ka ce ɗan akuya. Ni kuwa ina cikin kaftanin shadda da takalmin fata mai santsin ƙasa, don a tunanina ba a zuwa gaban suruki da kayan wasa. Duk inda aka tsaya hutawa sai ya ciro gorar ruwa, ya ce, "Ka yi haƙuri fa, mai azumi," ya juya mini baya. Ina jin saukar kowane kurɓi. Jamila ta rage tafiya ta tambaye ni da Turanci, ƙasa-ƙasa, ko da gaske azumin nake. Na ɗaure fuska irin ta malamai na gyaɗa kai.

A hanya yake ta yi mini tambayoyi: yaushe zan gama karatu, nan zan zauna ko gida zan koma, wace unguwa muke a Funtuwa. Tambayoyin da na yi wata da watanni ina jira ke nan, ga su sun zo lokacin da kaina ke juyawa. Ina ba da amsa ina jin muryata kamar daga wani ɗaki take fitowa. Cikina kuma ya shiga hirar ba a gayyace shi ba.

Da muka kai ƙololuwa azahar ta yi. Muka yi alwala da ruwan gora (ban taɓa kurkure baki da baƙin ciki irin na ranar ba), sai Alhaji ya nuna mini gaba.

"Ja mu. Bayan sallama kuma ka yi mana addu'a, ta mai azumi ba ta faɗuwa ƙasa."

Wallahi tsoro ya kama ni, tsoron gaske. Na ɗaga hannu ina roƙa musu lafiya da albarka a fili, a zuci kuma ina cewa, ya Allah, ka san komai, ka fid da ni.

Wajen ƙarfe uku muka sauko. Alhaji ya sa dogon wandon iyo da riga, Hajiya da Jamila suka ce za su taka bakin ruwa su jiƙa ƙafa. Ya dube ni ya ce, "Kai kada ruwa ya shige maka maƙogwaro. Zauna ka tsare mana kaya." Suka tafi suka bar ni da kula.

Na yi ƙoƙari, Allah shaida. Na juya mata baya. Na karanta abin da ya sawwaƙa. Na tuna wa kaina cewa ai ba azumin nake ba balle in karya shi, kuma wannan fatawar ce ta kashe ni. Na buɗe murfin, na zari cinyar kaza da guntun burodi, na zagaya bayan tanti na tsuguna cikin dogayen ciyayi. Har da bisimilla.

Ina cikin taunar lomar farko na ji huci a bayana. Wata ƙatuwar agwagwar ruwa ce, irin masu dogon wuyan nan da suka saba Turawa na ba su burodi, ta tsaya tana kallon hannuna. Na ce, "Kis!" Ko gezau. Ta buɗe baki ta kwarma kuka. Don in rufe mata baki sai na jefa mata burodin, ashe shela na yi wa duk danginta. Kafin in miƙe sun kewaye ni, suna kuka suna miƙo wuya, ɗaya ta cafki gefen kaftanina ta ja.

Na zura da gudu. Takalmi mai santsi, ciyawa mai laima, ga gangara. Na zagayo tanti da rundunar agwagi a bayana, na kasa tsayawa, na tafi suuu har cikin ruwa, na zauna daɓas a taɓo. Da na ɗago, ga Alhaji tsaye a gabana, ruwa iya gwiwarsa, fitowarsa ke nan daga iyo. Hulata tana yawo a tsakaninmu. Kumatuna cike. Hannuna na dama kuwa yana sama, riƙe da cinyar kaza, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Hajiya ta ce, "Innalillahi!" Jamila ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Wasu Turawa har da tafi. Alhaji ya ɗaga kai ya dubi rana, ya sauko da ido kaina.

"A Funtuwa da ƙarfe uku ake shan ruwa?"

Na haɗiye lomar, don ba yadda zan yi da ita. A raina na ce shi ke nan, Jamila ta tafi, sai in san abin da zan faɗa wa kawu.

Da na sauya kaya ya kira ni kan tabarma, ya ce matan su ɗan ba mu wuri. Ba alamar dariya a fuskarsa.

"Kunyar na gane ta, ni ma da ita aka rene ni. Tun jiya cikinka ke mini hira a tanti, ina jira in ga iyakarka. Amma ƙarya, da sunan ibada? Wanda zai ƙirƙiro azumi don kada a ga yana tauna, me zai gaya wa 'yata ranar da abin kunyar ya fi wannan girma?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Na tuba, Baba. Tsoro nake kada ka ce ba ni da tarbiyya, ka hana ni ita." Ita ce gaskiyar farko da na faɗa tun da muka baro London.

Sannan ya jawo kula, ya juye shinkafar a tire ɗaya, ya wanke hannu.

"Matso. Tare za mu ci. Ka bar ƙwaya ɗaya, a ƙasa za ka koma Peckham."

Na yi jarrabawa iri-iri a ƙasar nan, ba wadda ta sa ni gumi kamar tiren nan. Ina ci yana turo mini nama, yana kallon bakina. Da muka share shi tas ya ce, "Ka gaya wa kawunka ya turo. Azumin da ka ɗauka da baki kuma, Litinin za ka yi shi da gaske. A gidana za ka sha ruwa."

Har Allah ya yi masa rasuwa bai sake kirana da sunana ba, sai Mai Nafila, kuma jikokinsa sun gaji kirana da shi. Abin da na koya dai shi ne, in suruki ya miƙo faranti, ka karɓa da hannu biyu ka ji kunyarka kana tauna. Bara wani yaro ya zo gaishe ni kan 'yarmu ta fari, Jamila ta kawo abinci, ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi. Na wanke hannu na ce masa, "Matso."