Wayar da Mai Girma Ya Soka da Hannunsa

Jama'a, jiya tun hantsi har la'asar ina riƙe da tsani a bakin burtali, can bayan Burumburum, kuma har yanzu kafaɗuna ba su yafe mini ba. Ba wanda ya aike ni. Maƙwabcina Malam Uba ne ya ce in raka shi, bakina ya yi nauyi, don mutumin da aka kwance wa sa ba a kawo masa uzuri.

Shanun huɗa biyu gare shi. Makon jiya aka kwance ɗaya aka bi burtali da shi, ga damina a bakin ƙofa. Uba ya riga ya sallama wanda ya tafi. Abin da ya hana shi sukuni shi ne waɗanda suka ga hanya za su dawo wa na biyun.

To, a bakin burtalin nan akwai wata doguwar falwaya da aka kafa mana bara, kyamara a kanta, farantin sola a kafaɗarta, akwatin ƙarfe a ƙugunta. Ranar buɗe ta cewa aka yi ko kaza ce ta gifta sai an gan ta a ofis. Uba ya wanke ƙafa ya je ofishin, aka nuna masa talabijin baƙi ƙirin, aka ce matsalar netuwok ce. Ya ce tun yaushe? Aka ce tun ranar buɗewa. Ashe shekara guda muna rage murya in mun zo wucewa, muna gyara hula, ganin kitse muke wa rogo. Uba ya dinga sintiri har suka gaji da fuskarsa, suka turo injiniya.

Injiniyan sunansa Mujitaba, mutum mai ladabi. A tafe da shi akwai wani babba daga ofishin, mai tumbi da farin yadi, wanda aikinsa kawai riƙe makullin akwatin. Mu kira shi Yallaɓai Mai Makulli, Allah ya ƙara masa makullai. Ya buɗe akwati, ya koma gindin ɗorawa ya kama waya yana ƙorafin yadda ya sha layin mai saboda talakawa.

Mujitaba ya hau, ni na riƙe tsani. Ya goge kashin tsuntsaye a farantin sola, ya auna batir ya ce a cike yake taf. Ya duba eriyar da ke aika hoto, tana kallon inda ya kamata. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ko ɓera ya yi ɓarna, lafiyarsu ƙalau. Ni daga ƙasa ina ba da tawa gudummawar.

"Injiniya, ko mutanen ɓoye ne? Wurin nan dama ba a cika son yin fito ba."

"Bari dai mu gama da mutanen fili tukuna, Baba," in ji shi.

Daga nan ya nuna mini wani ɗan ƙaramin akwati a cikin babban, mai ramuka a jere, kowace waya da nata ramin. Ya ce sunansa suwic. Aikinsa irin na ɗan kamasho ne a tasha: saƙo ya zo daga kyamara, shi zai nuna masa motar da zai shiga. Na ɗaga kai na ga fitilunsa suna ta ƙyafta ido ba hutu. Wallahi sai da ya burge ni.

"Kai, wannan ai ma'aikaci ne! Dubi yadda yake haɗa gumi."

"Gumin nan shi ne ciwon, Baba. Ka ga 'yar gajeriyar wayar nan mai ɗaurin ƙyalle? Bakinta ɗaya a wannan ramin, ɗayan a ramin da ke kusa da shi. Duk saƙon da ya fita ta nan, ta nan yake dawowa. Suwic sai ya zaci sabo ne, ya sake aikawa, ya sake dawowa. Shekara guda ke nan yana hira da kansa, hoton kyamara bai sami wurin wucewa ba. Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Ni da Uba muka kalli juna, domin mun san wanda ya yi. Muna wurin, har shinkafa muka ci.

Ranar buɗewa, Mai Girma Uban Almakashi ne ya zo da kansa. Aka ce zamani ya ci gaba, yanka ƙyalle ya zama tsohon yayi, waya zai soka. Ɗan kwangila ya riga ya haɗa komai, sai ya miƙa masa wata gajeriya ta ganin ido. Mai Girma ya hau dandamali ya soka bakinta ɗaya, aka ɗauki tafi da guɗa. Mai hoto ya ce bai kama ba, a sake. Mai Girma ya duba ya ga ɗaya bakin na lilo a hannunsa, ya soka shi a ramin gaba. Fitilu suka kama rawa, wuri ya kaure. Ɗan kwangilar nan ya ga abin da ya faru da idonsa, kuma duk taron ba wanda ya kai shi tafi.

Mujitaba ya sa yatsu biyu ya zare wayar. Fitilu suka natsu. Ya buga waya ofis, muka ji ihu daga can: "Ga hoto! Ga hoto! Wane ne wannan mai karkatacciyar hula da ya rungume tsani?" Ni ne, jama'a. Ni ne mutum na farko da kyamarar ta kama.

Uba ya ɗaga hannu sama yana hamdala, idonsa ya kawo ruwa. Ni ma daɗi ya cika ni, don tun da aka yi masa satar ban ga haƙorinsa ba.

Murnar ce ta taso Yallaɓai daga gindin ɗorawa. Da ya hango wayar a hannun injiniya sai ya dafe ƙirji.

"Kai! Ka san wayar wa ka taɓa?"

"Yallaɓai, ita ce ta toshe komai. Ga shi yanzu suna ganinmu."

"Da ita Mai Girma ya buɗe aikin nan. In ka zare ta, ka rufe abin da ya buɗe ke nan. Kai wane ne?"

"To a mayar da bakinta ɗaya, ranka ya daɗe, a bar ɗayan a sake."

"Wanne? Na dama shi ne a jarida, na hagu shi ne a kalanda."

Ya yi mana bayani dalla-dalla, kuma dole in yaba masa, bayanin ya tsaru. Abin da babba ya soka, sai shi zai zare, ko wanda ya fi shi. Zarewar ma ba a yin ta a tsaye haka kamar cire ƙaya. Sai an kafa kwamiti, an sa rana, an kafa rumfa, an ɗauko kujeru da mai hoto.

Uba ya cire hula ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, sa ɗaya ya rage mini. A bar ta a zare har a gama huɗa, in ya so a mayar. Ba wanda zai ji daga bakina."

"Malam, ana duba lamarinka a sama," in ji Yallaɓai.

Mujitaba ya ce shi dai hannunsa ba zai mayar da ita ba. Sai Yallaɓai ya naɗe babbar riga ya hau da kansa, ni kuma na riƙe masa tsani, ina jin nauyin shinkafar shekaru a kafaɗata. Zuciya ta ba ni wata shawara, na yi a'uziyya. Ya soka baki biyun, fitilu suka koma rawarsu. Ya sauko yana haki.

"Kun gani ko? Yanzu ya dawo aiki."

Raina ya ɓaci ƙwarai, jama'a. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma ni na riƙe wa gugan igiya. Uba ya karkaɗe gwiwarsa, ya mayar da hularsa, muka kamo hanyar gida.

Yau da safe na ci karo da shi yana jan san nasa, ya nufi kasuwar Tudun Wada. Na ce, "Malam Uba, ina za ka kai shi, ga hadari ya fara haɗuwa?"

"Gara in rabu da shi da hannuna, in san inda ya kwana," in ji shi. "Bana da fartanya zan yi."

Mutumin da gemunsa ya yi fari fat ke nan. Ya shafa wuyan san, ya ja shi suka wuce.

Saboda haka ina taya Mai Girma murna, kuma ina roƙon a sa wannan a rahoton ƙarshen shekara: daga yau satar shanu a gidan Malam Uba ta ƙare har abada.