Rasuwar Mumbarin Katako

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɗaci da na kasa haɗiyewa, ni fastonku nake sanar da 'yan'uwa cikin Ubangiji rasuwar abokin hidimata, mumbarin katako na majami'armu. Ya bar duniya makon jiya, ina can wurin taron fastoci.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne, amma yana da haƙuri. Ya sha duka a hannuna duk ranar da wa'azi ya yi zafi, bai taɓa kai ƙarata ba. Abin da yakan ce kawai shi ne "ƙiiƙ" idan na jingina da shi, mawaƙa kuwa sun daɗe da gane cewa wannan ƙarar tana nufin saura kaɗan in ce amin.

Babban halinsa shi ne rufin asiri. Tun da ƙafata ta hagu ta fara rawa, shi ne ya tsaya tsakanina da idon jama'a. Daga ƙirji zuwa sama kuna ganin bawan Allah tsaye ƙyam, daga ƙasa kuwa ƙafa tana ta kaɗawa ba da izinina ba. Mutum ɗaya na faɗa wa, sakataren ikilisiya, wanda na yi wa baftisma da hannuna, na kuma ɗaura masa aure. Na roƙe shi ya sa ni a addu'a, kada dattawa su ji su fara zancen in huta.

An ce gara ce ta ci marigayin. Sakataren ne ya gano ciwon, shi ne kuma ya shugabanci kwamitin da ya yanke cewa ba magani. Na san mumbarin nan ciki da waje, ko huda ɗaya babu a jikinsa. A madadinsa sun kawo na gilashi, wanda ake hango mutum ta cikinsa har igiyar takalmi. Wai zamani ne. Sakatare ɗana, da ka zo ka ce mini, Baba lokaci ya yi, da zafin bai kai haka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da katakon marigayin zumuntar mata suka hura wutar girkin tarbata daga taron, ba su san komai ba. Na ci, har na nemi ƙari.

Marigayin ya bar ƙusar da nake rataya hankici, da kofin ruwa wanda yanzu ba shi da wurin ɓuya, da ni. Ya kuma bar katako guda, na gefen dama, inda tafin hannuna ya goge fenti. Tsohon kafintan da ya ƙera mumbarin ne ya zare shi daga bakin murhu ya ɓoye mini.

Ba za a yi zaman makoki ba, toka kuwa an riga an share. Jana'iza sai ranar Lahadi a lokacin sujada. Kafinta yana sassaƙa mini sanda da katakon da ya rage, da ita zan hau in tsaya bayan gilashin in yi wa'azi, ƙafar ta yi rawarta kowa ya gani. Idan dattawa sun ce in sauka, su faɗa mini a gaban ido. An tanadar wa sakatare kujera a layin gaba.