Na'urar da Ba a Cire wa Leda Ba

Akwai wani Bajamushe, farfesan kimiyyar sinadarai, wanda tun yana saurayi har furfura ta cinye kansa ba shi da aiki sai auna zafin da sinadarai ke fitarwa in an haɗa su. Cikin ɗaliban da ya yaye har da wani mutuminmu, Dakta Sallau. Da Sallau zai dawo gida, malamin ya haɗo shi da na'urar awo sabuwa fil, ya ce a kai wa ɗalibai. Yau da gobe, Sallau ya zama shugaban sashe a jami'arsu. Shi kuwa irin mutanen nan ne da in sun sayi mota ba sa cire ledar kujera har motar ta mutu. Ya kai na'urar ɗaki ya danna kwaɗo. Ɗalibai sai dai ya zana musu ita a allo.

Da farfesan ya yi ritaya, sai ya aiko cewa zai kawo ziyara. Sallau ya ga banza ta faɗi. Ya bugi ƙirji a gaban shugaban jami'a cewa sai ya tatso wata sabuwar na'ura daga hannun tsohon, in ya kasa a sauke shi daga kujerarsa. Ranar zuwan baƙo aka sha fenti, aka yi shara, Sallau ya buɗe kwaɗon a gaban baƙon da shugaban jami'a yana washe baki.

"Ranka ya daɗe, ga amanarka. Ko ƙwarzane babu."

Tsohon ya gyara tabarau, ya zagaya na'urar, ya shafa ledar da ke jikinta. "Sallau, ɗalibai nawa suka yi aiki da ita?"

"Ɗalibai? Haba Malam! Yaran yanzu da ba su san darajar kaya ba? Wallahi ko kunna ta ban bari an yi ba. Shi ya sa ma muke roƙon a taimaka mana da wata sabuwa. Ka san kimiyya sai da kayan aiki."

Tsohon ya jinjina kai yana murmushi. Daɗi ya kama Sallau, har ya faki ido ya ƙyafta wa shugaban jami'a.

"Buƙatarka ta biya," in ji farfesan, ya dafa na'urar. "Ai ko a Jamus ba za a sami sabuwa kamar wannan ba. Ga ta nan, na sake ba ku."